Kwaikwayon Gwanaye a Gasar Mutum-mutumi: Koyo Ne ko Satar Amsa?

Duk shekara, cikin watan Agusta, masu shirya gasar FIRST LEGO League kan fitar wa ɗaliban duniya da sabon ƙalubale. Shimfiɗa ce guda mai zane-zane, an dasa ƙananan ayyuka a kanta: a ɗaga wannan, a tura wancan, a ɗauko wani abu a kai shi wani gurbi. Kowace ƙungiya za ta haɗa ɗan mutum-mutuminta, ta rubuta masa umarni a kwamfuta, sannan ta sake shi ya yi iya abin da zai iya cikin minti biyu da rabi, babu mai riƙe masa linzami. Kafin a yi 'yan makonni YouTube ta cika da bidiyon ƙungiyoyin Amurka da Turai da Asiya, kowa na nuna yadda nasa ya share fili. Wasu ma har kwance na'urar suke yi a gaban kyamara, gaɓa bayan gaɓa.

A Najeriya gidauniyar Coderina ce ke gudanar da wannan gasa, kuma kwalejojin gwamnatin tarayya na cikin masu shiga. To, a ɗauki malamin kimiyya a Yola ko Jimeta wanda ya tara yara goma, akwatin kayan haɗi ɗaya tak gare su, wutar lantarki sai an dace, ga Abuja tafiyar yini guda cur a mota. Yaransa sun ga bidiyon gwanaye a waya, suka ce masa: "Malam, ga wanda ya fi kowa maki, mu yi irinsa kawai." Me zai ce musu? A kan wannan tambaya malamai da iyaye suka kasu biyu, kuma kowane ɓangare na da hujjar da ba ta wasa ba.

Masu cewa a kwaikwaya sukan fara ne da tarihi, kuma tarihin yana tare da su. A 1933 Kiichiro Toyoda ya sa aka kawo motar Chevrolet masana'antar ƙera injinan saƙa ta gidansu a Japan, aka kwance ta kaf, aka auna kowane ƙarfe. Ƙaramar motar fasinja ta farko ta Toyota da ta fito kasuwa a 1936 injinta ɗan uwan na Chevrolet ne, jikinta kuma ya ɗauko kamannin wata motar Chrysler. Kekunan da ke jigilar mutane tsakanin Jimeta da cikin garin Yola kuwa, da yawansu na kamfanin Bajaj ne na Indiya, wanda ya fara ƙera babura da masu ƙafa uku da lasisin kamfanin Piaggio na Italiya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ko ɗan allon nan na Arduino da ɗaliban injiniya ke haɗa aikinsu na ƙarshen karatu da shi, tun da aka ƙirƙiro shi a garin Ivrea na Italiya a 2005 masu shi suka baje zanensa a fili, shi ya sa kasuwa ta cika da masu arha da aka ƙera a Sin, har ya zo hannun yaranmu. Idan manyan kamfanoni da haka suka fara, in ji su, don me za a hana yarinya 'yar shekara goma sha uku?

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan ƙarfi, domin daga cikin gasar kanta ta fito. Ƙungiyar FIRST, wadda Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989, ba ta ɗauki ɓoye fasaha a matsayin abin yabo ba. A babbar gasarta ta 'yan sakandare akwai dokar da ta ce duk zane ko manhajar da ƙungiya ta yi kafin ranar buɗe kakar wasa, ba za ta sake amfani da shi ba sai in ta riga ta baje shi inda kowa zai iya ɗauka. Ƙungiya mai lamba 254 ta birnin San Jose, wadda ta ci kofin duniya sau da dama, har a 2018 ta gama kaka ba a doke ta ko sau ɗaya ba, takan saki manhajarta da bayanin ƙirarta bayan an gama wasa. Ƙungiya mai lamba 118 ta Houston, wadda injiniyoyin NASA ke horarwa, tun 2018 take fitar da wata ƙira mai suna Everybot kowace shekara: mai arha, mai sauƙi, wadda za a iya haɗawa da kayan aikin hannu, kuma an yi ta ne takanas domin ƙungiyoyi marasa ƙarfi su kwafa. Abin da mai shi ya ce zo ka ɗauka, ai ba a kiransa sata.

Sai kuma maganar adalci, wadda ita ce ta fi taɓa ni a duk hujjojinsu. Yaron da ke gasa daga San Jose ya tarar da ƙungiyar da ta shekara ashirin tana tara gogewa. Yayyensa sun bar masa littattafan gwaji, akwai injiniyoyi a kansa, in wani ƙarfe ya karye gobe za a kawo sabo. Shi ma kwaikwayo yake yi, sai dai na gida. Yaron unguwar Doubeli ko Luggere ba shi da yayyen da suka bar masa komai. Bidiyon nan shi ne yayansa. A ce masa ya rufe ido ya faro daga tushe, alhali abokin karawarsa ya hau kan aikin shekara ashirin, wannan ba tarbiyya ba ce, ƙara masa nauyi ne a kan wanda yake ɗauke da shi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, amma babu laifi in ka tambaye shi hanya.

Kuma akwai abin da duk mai koyarwa ya sani: yaron da ya shafe wata uku yana fama da na'urar da ko tafiya a miƙe ba ta yi, ya je gasa ya dawo da maki kaɗan, da wuya ya dawo baɗi. Wanda tasa ta motsa, ta ɗauki abu ta ajiye, ko da ƙirar wani ce, ya ɗanɗani zaƙin abin. Da koyo akan iya.

Duk da haka, masu adawa ba su rasa ta cewa ba, kuma abin mamaki shi ne hujjarsu mafi kaifi ba ta ɗa'a ba ce. Cewa suke yi kwafar ƙirar zakara ba ta ma kai mutum ga nasara.

Dalili kuwa shi ne abin da kyamara ke nunawa kaɗan ne daga cikin aikin. A ɗauki taya. Ƙaramar tayar da ke zuwa cikin akwatin kayan haɗi na SPIKE Prime faɗinta milimita 56 ne, juyi ɗaya yana cin kimanin santimita 17 da rabi. Babbar kuwa milimita 88 ce, juyinta ɗaya ya haura santimita 27. Idan ƙungiyar da aka kwafa da babba ta yi aiki, yaranmu kuma ƙarama gare su, duk lissafin nisa ya rushe, ko da sun kwafi umarnin harafi da harafi. Wannan mai sauƙin ganewa ke nan. Na'urar gane launi da aka saita a ƙarƙashin fitilun wani zaure a Jamus ba za ta karanta baƙin layi daidai ba a ajin da rana ke shigowa ta taga. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kan shimfiɗa, taya na sulɓewa kaɗan-kaɗan, kuskuren rabin santimita a farkon tafiya ya zama na yatsu huɗu a ƙarshenta. Batir da ya yi rabi ba ya juya inji kamar cikakke, ga kuma zafin Yola na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40. Ƙungiyar da ta ƙirƙiri na'urar ta ci karo da irin waɗannan matsaloli sau ɗaruruwa, ta san wace kusurwa ce ke da rauni, ta san abin da ake taɓawa in an ga alamar kaucewa. Mai kwafa ya samu gangar jiki, bai samu wannan sanin ba. Ranar gasa in wani haƙorin giya ya zame, saura minti goma a kira su, zai tsaya yana kallon na'urar kamar yau ya fara ganinta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ko labarin Toyota da masu goyon baya ke kafa hujja da shi yana da ɗaya rabin. Injin farko da suka kwaikwaya bai kai ƙarfin na Chevrolet ba, kuma sun sha wahalar zubin ƙarfen jikinsa, sun zubar da masu yawa. Sai da suka sake fasalin kan injin da tunaninsu sannan ya kai, har ya wuce. Aunawa da kwafa sun kai su bakin ƙofa ne kawai.

Akwai kuma matsalar lokaci. Ƙirar da aka gani a bidiyo a watan Oktoba, mai ita ya riga ya wuce ta kafin Disamba. Mai bin sawu kullum yana haɗa abin da na gaba ya yar. Gasar World Robot Olympiad, wadda aka fara a Singafo a 2004, ta san da wannan, shi ya sa takan ƙara wani sabon sharaɗi a safiyar ranar gasa, wanda babu wanda ya gan shi a baya. A nan ake rabuwa: wanda ya fahimci umarnin da ya rubuta zai gyara shi cikin awa guda, wanda ya haddace na wani sai dai ya yi addu'a.

Sannan masu son kwafa sukan manta yadda ake raba maki. A FIRST LEGO League wasan kan tebur kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da ake dubawa kafin a fitar da zakara. Akwai zama da alƙalai inda yara za su bayyana yadda suka tsara na'urarsu, me suka gwada, me ya ƙi, me ya sa suka canza. Akwai aikin bincike a kan wata matsala ta gaske. Akwai kuma duba halayya da aiki tare. A gasar VEX, inda ƙarafunan haɗi ke da ramuka a jere tazarar rabin inci, wasu ɗalibai kan tsayar da bidiyo su ƙirga ramukan ɗaya bayan ɗaya don su fitar da na'ura sak irin ta zakara. Masu gasar sun amsa da dokar cewa dole na'ura ta nuna iyawar ɗaliban da suka kawo ta, kuma alƙalai na neman littafin da ƙungiya ta rubuta tafiyar aikinta tun daga zanen farko. Littafin da ya fara da cikakkiyar na'ura a shafin farko, babu gwajin da ya faɗi, ya tona asirin kansa.

Hujjar ɗa'a ita ma tana nan, kuma ba zan raina ta ba a ƙasar da satar amsa a jarrabawa ta zama ciwon da kowa ke kuka da shi. Iyayen da suka ji an ce 'ya'yansu sun kwafo na'ura daga intanet suna da haƙƙin su tambaya: mene ne bambancin wannan da leƙa takardar na kusa? In aka saba wa yaro cewa hanya mafi sauri ita ce neman wanda ya riga ya yi, yaushe zai koyi zama da matsala har ta buɗe masa? Najeriya ba ta rasa masu haɗa abin da wasu suka zana ba. Masu zanawa take nema, irin su Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors.

Na daɗe ina juya hujjojin nan, kuma abin da na gano shi ne ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba in sun ce kwaikwayo. Mu da muka zauna a gaban malam da allo mun san yadda abin yake. Da farko malam ne ke rubuta maka, kai kana bi da yatsa. Daga baya ka riƙa duba Alƙur'ani kana rubutawa da hannunka. Sai can gaba, ga wanda Allah ya ba, ya rubuta da ka, ba ya duba komai. Babu wanda ya taɓa kiran matakin farko sata, amma kuma babu wanda ake yi wa saukar karatu a kansa. Kuma magabatanmu da suka riƙa kwafar littattafai da hannu, a nan Fombina da ƙasar Hausa, al'adarsu ce su ambaci mawallafi da sunansa, sannan a ƙarshe mai kwafa ya sa nasa a matsayin marubuci kawai. Malamai na cewa albarkar ilimi tana cikin jingina shi ga mai shi.

Saboda haka hukuncina shi ne kwaikwayo halal ne a wannan fage, har ma wajibi ne ga sabuwar ƙungiya, amma ba kowace ƙira ake kwafa ba. Kuskuren da ake yi shi ne zaɓen ta zakaran duniya. Ita wannan an gina ta ne a kan kayan da ba mu da su da awowin gwajin da ba mu samu ba. Ƙungiyar da ke shekararta ta farko ta nemi ƙira mai sauƙi, irin wadda aka yi domin a koya da ita, ta haɗa, ta kwance, ta sake haɗawa har kowane yaro ya iya faɗin amfanin kowace gaɓa. Bidiyon gwanaye kuma a kalle shi da wata tambaya dabam. Maimakon "ramuka nawa ne a nan?" a ce "wace matsala ce ta sa suka sa wannan hannu a gefe, ba a gaba ba?" Wanda ya samu amsar wannan ya ɗauko dabara, kuma dabara tana tafiya da kowace irin taya. Daga nan a canza wani abu da gangan, a gwada sau ashirin, a rubuta sau nawa ya yi, sau nawa ya ƙi. A littafin ƙungiya kuma a rubuta ƙarara: wannan hannun ɗaukar kaya mun gan shi ne a wurin ƙungiya kaza, muka gajarta shi saboda kaza. Alƙalin da ya san aikinsa zai fi girmama wannan shafi a kan na wanda ya ce komai daga kansa ya fito.

Amma akwai abin da nake ganin ya fi kwafa daga YouTube muni nesa ba kusa ba, kuma muhawarar kwaikwayo takan rufe shi. Shi ne babba ya yi aikin, yara su ɗauki hoto. Makaranta na son sunanta ya fito, sai a ɗauko wani ƙwararre ya kwana biyu yana haɗa na'ura, a koya wa yara inda za su danna, a ɗinka musu riga iri ɗaya. Yaron da ya tsayar da bidiyo ya ƙirga ramuka aƙalla da idonsa ya ƙirga, da hannunsa ya ɗaura, ya ji yadda roba ke shiga roba. Wanda aka miƙa wa gamammiya bai samu komai ba sai darasin cewa ana iya karɓar yabo a kan gumin wani. In za a yi fushi, nan ya kamata a yi shi.

Kuma ina son malamanmu su lura da wurin da babu wanda zai iya kwafar mu, mu ma ba ma bukatar kwafar kowa: aikin binciken nan. Jigon gasar yana canzawa kowace shekara. An yi na ruwa a kakar 2017, an yi na makamashi a 2022, an yi na binciken kayan tarihi a 2025. Yaron da ya ga Binuwai ya cika ya shanye gonaki da gidaje a 2012 ko 2022, wanda ya san me ake nufi in an ce za a saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, yana da abin faɗa a kan ruwa wanda ɗan Houston ba shi da shi. Yarinyar da ta yi karatun jarrabawa da fitilar waya ta san makamashi ta inda ba a koyarwa a littafi. Jihar da ke da Sukur, wurin farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, da tsoffin murahunta na narkar da tama, ba ta rasa abin kai wa alƙalai a kan kayan tarihi ba. Ƙungiyar da ta ƙarar da duk ƙarfinta wajen bin sawun na'urar wani ta bar wannan rubu'in maki a ƙasa, alhali nan ne ta fi kowa jari.

Abin da ya rage shi ne yayyen da na ce yaranmu ba su da su. Ai ba a rasa su ba, haɗa su ne ba a yi ba. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ta fara ne a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, kuma har yau tana yaye injiniyoyi. Ga Jami'ar Amurka ta Najeriya a cikin Yola da ɗalibanta na kwamfuta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ɗalibi ɗaya daga cikin waɗannan, awa biyu ranar Asabar, ya isa ya zaunar da yara ya tambaye su "me ya sa?" har su gaji, da sharaɗin hannunsa na aljihu. Teburin gwaji kuwa kowane kafinta a Jimeta zai haɗa shi in aka ba shi awo. Ƙungiyar da ta ajiye littafinta na bana, da duk gwajin da ya faɗi a ciki, ta bar wa ƙannenta na baɗi abin da za su kwafa a gida, kuma cikin shekara biyar ita ma ta zama wadda ake kallo.

Ga malamin da yaransa suka nuna masa bidiyo suka ce a yi irinsa, shawarata ita ce kada ya ce a'a, kada kuma ya ce to. Ya sa su zana masa na'urar a takarda, su faɗa masa aikin kowace gaɓa, su nuna masa wadda za ta fara ba da matsala a ajinsu. Gaɓar da suka iya bayaninta su ɗauka, su rubuta sunan mai ita. Wadda suka kasa, su bar wa mai ita kayansa sai sun gane ta. Shugabannin makarantu kuma, don Allah, ku daina tambayar malami kofi nawa ya kawo kafin ku tambaye shi yara nawa ne za su iya kwance na'urar su mayar ba ya wurin. Masu shirya gasa a matakin jiha su ware wa kowace ƙungiya lokacin zama da alƙalai, malami na waje, a tambayi mafi ƙanƙanta a cikinsu.